Godiya ga waɗanda suka samar wa Dogo gida

Na san wasu za su yi mamakin ganin an rubuta godiya a kan kare. To, mutane nake gode wa, mutanen da suka ɗauki lamarin wata halitta mai tsoro da muhimmanci, alhali ba ta da abin da za ta saka musu da shi.

Cikin ruwan Agusta muka tsamo shi daga kwata a unguwar New Bell, ƙasusuwa a waje, tabon waya zagaye da wuyansa. Ba ya haushi, ba ya cizo. Da ya ji motsin takalmi sai ya cusa kai ƙarƙashin benci yana rawar jiki. Yara suka sa masa suna Dogo saboda ƙafafunsa.

Malam, limamin masallacin layinmu, Allah ya ƙara maka lafiya. Kowa ya san zaman New Bell. Tun 1914 da Jamusawa suka tashi mutanen Duala daga bakin kogin Wouri suka yanka wannan unguwa, baƙi ke ta cika ta, har yau iyali da yawa na raba tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, wurin alwala ɗaya. Da maƙwabta suka fara maganar najasa, kai ka zaunar da su. Ka ce a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki umarni ne da ake bi don ibada, ka kuma tuna musu hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Sannan ka juyo gare ni ka ce, "Amma ɗana, gidan nan ba wurinsa ba ne. Nemo masa inda zai yi gadi." Bakin kowa ya mutu, har da nawa.

Ɗan bensikin, wato ɗan acaɓan da ya ɗauke mu da kare cikin kwali, ya ƙi karɓar ko sisi, na gode.

Likitar dabbobi ta yi masa allurar haukar kare, ta ba shi maganin tsutsar ciki, ta rubuta masa kati. Ta ja kunnena cewa cutar haukar kare in alamunta suka bayyana a jikin mutum kusan babu tsira, kuma tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya. Abin da ya fi amfanata shi ne shawararta: kada in ba gidan da yara suka yi yawa, kada in ba wanda zai ɗaure shi da sarƙa, domin kare matsoraci in aka ƙure shi tsoron ne ke sa shi cizo. Duk wanda ya zo, in fara tambayarsa ina karen zai kwana.

Masu so sun zo. Wani mai shago a babbar kasuwa yana neman mugun kare, ya ga Dogo ya ɓuya bayan randa, ya yi tsaki ya tafi. Wani kuwa ɗaga shi ya yi yana auna nauyinsa, bai ko tambayi sunansa ba. Gwaggo, ke kika gane inda ya dosa, kika raka shi ƙofa da muciya a hannu. Allah ya bar mana ke.

Gwaggo ce kuma ta tuna da Baba, dattijon Garwa mai gadin wani gida a Bonamoussadi, inda akwai katanga da fili da shiru. Ya tashi cikin shanu, ya san karnuka. Ya nemi izinin maigidan kafin ya ce mu zo. Da muka buɗe kwalin, Dogo ya ruga ƙarƙashin mota. Na durƙusa zan kira shi, Baba ya ce, "Bar shi, yaro. Wanda ya sha duka, hannu yake tsoro." Ya zuba sauran tuwo da kan kifi a kwano, ya ajiye nesa, ya koma tabarmarsa ya ba motar baya, ya kunna rediyo yana hura wutar shayi. Haka ya riƙa yi kullum, yana matso da kwanon kaɗan-kaɗan, bai taɓa miƙa masa hannu ba sai da karen ya zo da kansa ya shinshina ƙafarsa.

Yanzu Baba ya ce in dare ya yi tare suke zagaya katanga, kuma Dogo ya fara haushi. Katin allurar na wurinsa cikin leda, ya riga ya sa a duba masa ranar komawa wurin likita.

Baba, Malam, Gwaggo, likita, Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan mahaifa.