Kafanchan: Garin Da Ake Koyon Tuƙin Jirgi Tun Daga Tsumma

Duk wanda ya sauka Kafanchan, kafin ya nufi duwatsun Kagoro ko ruwan Matsirga, ya kamata ya fara ratsawa ta tashar jirgin ƙasa, gama ita ce ta raya garin. A shekarar 1927 ne dogon da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya haɗu da na Kaduna, aka kuma ja reshe daga nan zuwa Jos. Tun daga sannan ƙasar mutanen Fantswam ta zama mahaɗa, baƙi suka yi ta kwararowa neman aikin reluwe.

Na isa tashar da hantsi, na tarar ciyawa ta ci dogo, taragai suna tsaye sun yi tsatsa. A gindin wata bishiya na zauna da wani dattijo da ya yi ritaya daga tuƙi, na tambaye shi yadda ake zama direba a zamaninsu.

Bisa ga bayaninsa, ba a ɗaukar mutum direba kai tsaye. Da fari likita zai gwada idon yaro da kunnensa. Wanda bai iya rarrabe ja da kore ba, ko wa ya tsaya masa, sai ya nemi wata sana'a, domin da launi sigina take magana. In ya haye, sai a tura shi loko a ba shi tsumma, ya yi ta goge kan jirgi har ya san kowane ƙarfe da sunansa. Daga nan ya zama mai zuba kwal na Inugu a wuta, ya yi shekaru yana tsaye kusa da direba, yana haddace inda hanya ta yi kwana, da inda ta yi hawa. Sai ya ci jarrabawa kana a bar shi ya riƙa jera taragai cikin tasha, sannan jirgin kaya, a ƙarshe na fasinja. Ko da injin dizal ya kori na kwal, ba a bar wannan bi da bi ba.

Babbar doka kuwa, tun da yake dogon ɗaya ne, direba ba ya tashi sai shugaban tasha ya miƙa masa shaidar cewa hanyar tasa ce shi kaɗai, gadi kuma ya ɗaga koren tuta. Rayukan ɗaruruwan mutane a kan wannan suka rataya.

To, jama'a, ga abin dubawa. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, ta sami sabon dogo mai faɗi tsakanin Abuja da Kaduna a 2016, ga kuma cibiyar koyar da fasahar sufuri da aka kafa a Zariya a 1986. Amma sanin hanya ba a allo kaɗai ake samunsa ba, daga bakin na gaba ake karɓa. Dattawan Kafanchan suna ƙarewa ɗai-ɗai, jikokinsu kuwa suna haya da babur a bakin tashar. In ba a haɗa su ba tun da sauran lokaci, ranar da jirgi ya dawo sai an nemo mai nuna masa hanya. Allah ya sa a farga.