Batirin Rataye: Yadda Kunyar Dare Ɗaya Ta Koya Mini Dabara

Ina so in ba ku labarin wani abu da ya same ni a cikin sana'ata ta ɗaukar hoto, da kuma dabarar da Allah ya fisshe ni da ita, ko wani yaro mai sha'awar wannan sana'a zai amfana.

Ni dai an haife ni a Mai Wurno, garin da kakanninmu suka kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Na zo Umdurman ina saurayi, na zauna wajen kawuna, na koyi hoto a wani shago kusa da babbar kasuwa. Da na sami 'yancin kaina sai na sayi tsohuwar kyamara da fitilar walƙiya, wadda masu hoto ke kira filasha, ƙirar Vivitar 283. Da su nake yawo gidajen biki da suna, daga Umbadda har unguwannin mutanenmu na kudancin Hartum.

To, wanda ya san Sudan ya san bikinmu na dare ne, saboda zafin rana. Ga shi kuma a shekarun nan wutar lantarki sai ta ga dama take zuwa. Saboda haka mai hoto ba shi da wata rana sai fitilarsa. Ita kuwa wannan fitila ƙananan batura 4 take ci, irin waɗanda muke kira hajar a kasuwa, kowane ɗaya bolt ɗaya da rabi, jimla bolt 6.

A shekarar 1994 aka kira ni wani biki a Hartum. Da rana na sayi batura sababbi fil a leda wajen wani mai tebur, ban san sun daɗe suna shan rana ba. Hotuna goman farko lafiya lau. Daga nan sai fitila ta fara nawa, ina jin kukanta siriri kamar na sauro, amma jan idon da ke nuna ta cika ya ƙi kamawa. Ana cikin haka aka fito da amarya ta yi ban kwana da mahaifinta. Tsoho ya ɗora hannu a kanta yana addu'a, mata suna guɗa, ni kuwa ina tsaye ina danna kyamara a cikin duhu. Kafin fitila ta cika an riga an sa amarya a mota.

Bayan wata 4 tsohon ya rasu. Amarya ta aiko ƙanenta ya tambaye ni ko akwai hotonta da Baba. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Kuɗin aikin ma mayar musu na yi, amma kuɗi ba ya sayen daren da ya wuce.

Na kai kukana wajen wani dattijo Bahaushe mai gyaran rediyo a kasuwar Umdurman, wanda muke kira Baba. Ya juya fitilar, ya ce, "Ɗana, ka san abin da ke cikin nan? Akwai wani ɗan tulu da muke kira kafasita. Fitilar tana jan wuta daga batir, ta ɗaga ta daga bolt 6 zuwa wajen bolt 300, ta tara a tulun, sa'an nan ta juye ta gaba ɗaya a ƙiftawar ido. Aikinta kamar cika randa ne. Kai kuwa da ludayi kake cikawa." Na ce, "To Baba, ina zan sami guga?" Ya nuna mini wata fitilar caji da aka kawo masa gyara, irin wadda ake kunnawa in an ɗauke wuta. Ya buɗe ta, ya ciro wani baƙin batir mai kusurwa huɗu, na dalma, rufaffe wanda ba ya zubar da ruwa. A jikinsa an rubuta bolt 6, amfiya 4. Ya ce, "Ga gugarka."

Ga yadda muka yi, daki-daki. Da farko muka je wajen kafinta ya fere mana itace guda 4 daidai girman ƙaramin batir, wato tsawon santimita 5, kauri kusan santimita ɗaya da rabi. Batura huɗun nan a jere suke kamar raƙuman ayari, wutsiyar wannan a kan wancan, saboda haka bakin farko da bakin ƙarshe kaɗai ke kai wuta cikin fitila. Baba ya gano waɗannan wurare biyu da mitarsa. Muka ɗaura ƙusar tagulla a kan itace biyu, muka liƙa wa ɗaya jar waya, ɗayan kuma baƙa. Sauran biyun cike gurbi ne kawai. Muka jera su a ɗan akwatin robar da ake zarewa daga jikin fitilar, muka ɗan goge gefen murfi domin waya ta sami hanyar fita.

Wayar kuwa mai kauri ce, irin ta fitilar mota, tsawonta mita ɗaya da rabi. Baba ya ce siririyar waya maƙogwaron kaza ce, wuta ba ta wucewa da yawa sai ta yi zafi. A kan jar wayar, dab da batir, ya sa fis na mota mai amfiya 10, domin in wayoyi suka haɗu fis ya ƙone maimakon rigata. Daga nan wani baduku ya ɗinka mini jakar fata mai maɗauri, na rataya batirin a kafaɗa kamar gafakar almajiri. Nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba. Gangar jikin fitilar cajin kuwa ita ta zama abin cajina, duk lokacin da aka kawo wuta sai in mayar da batirin ciki.

Na fara gwada shi a daren Maulidi a filin Halifa. Fitilar da take ɗaukar lokaci mai tsawo sai ga ta tana cika kafin in ƙirga biyar. Na ƙare fim 3, kowane mai hoto 36, ba ta gaji ba.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Da na ga abin ya yi daɗi, wata rana na yi ta harbawa babu hutu, sai na ji ƙaurin roba, kan fitilar ya yi zafi har ya fara rawaya. Ashe nawar ƙananan batura ita ke ba ta damar hucewa. Daga ranar, in na harba sau 10 a jere sai in bar ta ta sha iska.

Ga gargaɗi ga mai son gwadawa. Kada ka juya waya, ja ta tafi wurin baƙa, domin nan take fitilar za ta ƙone. Kada ka ce batirin mota mai bolt 12 zai fi ƙarfi, kashe ta zai yi. Kada ka buɗe cikin fitilar da kanka, domin tulun nan yana riƙe wuta ko an cire batir, kuma yana iya yi wa mutum mummunan lahani. Kada ka bar batirin dalma babu caji kwana da kwanaki, ko ka ajiye shi a rana. Kuma tsofaffin fitilu irin tawa, wasunsu suna aika wuta mai ƙarfi ta ƙafarsu, wadda kan lalata kyamarar zamani, sai a auna kafin a ɗora.

Shekara da shekaru na yi da wannan jaka, ina sauya batir in ya tsufa, har wayar hannu ta zo ta rage mana kasuwa. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, muka bar Umdurman da abin da hannu zai iya ɗauka. Kyamara da fitila da jakar duk can na bar su. Abin da na ɗauko shi ne buhun tsofaffin fina-finan da na wanke. A inda muka sauka mutane sukan zo su ce, "Malam, gidanmu ya tafi da duk abin da ke ciki, ko kana da hoton mahaifiyarmu?" Sau da yawa nakan ɗaga fim a hasken rana in same shi, kuma yawancinsu hotunan dare ne da batirin nan ya haska. Ɗaya ne kawai na san ba zan taɓa samu ba, na amaryar 1994 da mahaifinta.

Allah ya jiƙan Baba mai rediyo da dukan magabatanmu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa. Amin. Wassalam.