Idan Yaro Yana Azabtar da Dabba, a Leƙa Gidansu



Akwai abin da muke gani a unguwanni mu yi dariya mu wuce. Yara sun ɗaura wa kare gwangwani a wutsiya suna jifarsa, ko sun kama mage suna ƙona ta da ranta. Ga mai jaki yana ta jibgarsa, alhali bayansa duk gyambo ne. Sai a ce ai dabba ce. Wallahi abin nan yana damuna, domin zuciyar da ta saba jin kukan mai rai ba ta motsa ba, da wuya kukan mutum ya motsa ta.

A Amurka an bi diddigin lamarin. Masu bincike na Jami'ar Northeastern da wata ƙungiyar kare dabbobi ta jihar Massachusetts sun duba tarihin mutum 153 da aka gurfanar kan azabtar da dabba, suka kwatanta su da maƙwabtansu. Sakamakon da ya fito a 1997 ya nuna sun ninka maƙwabtan nasu sau biyar wajen laifin cin zarafin mutane. Tun 2016 ma hukumar FBI ta ware wa zaluntar dabba gurbinsa a ƙididdigar laifukan ƙasar.

Kada a fahimce ni baibai. Ba kowane yaro mai danƙo ne zai zama mai kisan kai ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne binciken jihar New Jersey na 1983: a gidajen da ake lakaɗa wa yara duka, kashi 88 cikin ɗari ana cutar da dabbobin gidan ma. Wani lokaci uban ne, wani lokaci yaron ne ke huce abin da aka yi masa a kan wanda ya fi shi rauni. Ke nan yaron da muke kira mugu, mai yiwuwa shi ma neman agaji yake yi.

Mu kuwa addini ya riga ya yi mana hannunka-mai-sanda. Annabi (SAW) ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle ta hana ta abinci har ta mutu.

Iyaye, malaman makaranta da na tsangaya, masu unguwanni, don Allah idan kun ga yaro yana jin daɗin wahalar dabba, ku hana shi, amma ba da bulala ba. Ku zaunar da shi, ku tambaye shi wa ke dukansa.