Motar iyali mai ƙarfin dawaki 700: wa ya tambayi na kujerar baya?

Jama'a ku yi haƙuri, yau ba siyasa zan yi ba, kuma rubutun da ɗan tsawo. Wanda mota ba ta dame shi ba ya wuce abinsa, ba zan ji haushi ba.

Kwana uku ke nan ana dambarwa a wani gurup ɗinmu na WhatsApp, na masu cutar son mota. Mun kai arba'in a ciki: kanikawa, dillalai, ma'aikatan gwamnati, da wasu ɗalibai da ko keke ba su da shi amma sun fi kowa haddace lambobin inji. Wani ne ya turo bidiyon sabuwar BMW M5, wadda ta fito a 2024, shi ke nan wuta ta tashi. Motar salun ce mai ƙofa huɗu, irin wadda Bajamushe zai kai yaransa makaranta a ciki. Amma ƙarfinta dawaki 727 ne, kuma nauyinta ya haura kilo 2,400. Ta fi Hilux nauyi, ku ji fa. Dalili kuwa, an haɗa mata injin fetur mai fulogi takwas da na lantarki, ga ƙaton batir a ƙarƙashinta, saboda dokokin hayaƙi na Turai sun matsa wa kamfanoni lamba. Sai ga abin kunya: duk da ƙarin ƙarfin, daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 tana cin daƙiƙa 3.5, alhali yayarta da ta gabace ta ta fi ta saurin tashi.

Yaran gurup suka ce an kashe M5, an binne. A wurinsu ta ƙarshe ta gaskiya ita ce M5 CS ta 2021, wadda shekara ɗaya tak aka yi ana ƙera ta aka rufe. Dawaki 635, an rage mata kilo 70, tana kai kilomita 100 cikin daƙiƙa 3, ƙarshen gudunta 305. Fitilunta na gaba da ratsin rawaya, ƙafafunta ruwan tagulla, har taswirar filin tseren Nürburgring aka zana a matashin kujerunta. A Jamus an sayar da ita sama da yuro 180,000. Kada wanda ya lissafa da naira, hawan jini ba daɗi.

Wani dillali a cikinmu, mutumin da bai taɓa kallon mota ya ga wani abu ban da riba ba, ya ce duk surutu muke. Shi a wurinsa daraja a ƙarancin take. Ya kawo misalin Marsandi 190, wadda duk mun san ta, mun hau ta a tasha, wasunmu a cikinta suka koyi tuƙi. A 1990 kamfanin ya fitar da wani nau'inta mai suna Evolution II, guda 502 kacal, da wani ƙaton fiffike a bayanta kamar allon talla. Ba don iyali aka yi ta ba. Dokar gasar tseren motoci ce ta ce sai an sayar wa jama'a aƙalla 500 kafin a bari mota ta shiga fili, shi ya sa aka ƙera adadin da zai cika sharaɗi. Kafin a nuna ta a bainar jama'a an riga an saye su duka. Yau idan ɗaya ta fito gwanjo, kuɗinta kan wuce dala 200,000 da nisa, kuma wadda ba a taɓa wahalar da ita ba ita ta fi tsada. Ya ce to ina laifin wanda ya saya ya kulle a gareji, ya lulluɓe ta da mayafi, ya jira shekara ashirin?

Nan ne raina ya fara sosuwa, amma ban yi magana ba tukuna. Motar da darajarta ke ƙaruwa gwargwadon rashin hawanta, ni ban san sunan da zan kira ta da shi ba. Filin da ka saya ka katange ma ai ko akuya ta ci ciyawarsa.

Sai dattijon gurup ya shigo. Bakanike ne, ya haura shekara talatin yana kwance injin Marsandi yana ɗaurawa, ba ya rubutu sai saƙon murya. Ya ce, "Yara, duk ba ku san mota ba. Ku je ku nemi 500E." Wallahi da na ji haka sai da na gyara zama, don ita ce motar da na fi so a duniya, kuma ban taɓa ganinta ido da ido ba.

Ga waɗanda ba su sani ba: Marsandin nan da muke kira Bi-but, ta alhazan da, ita ce fa. Jiki ɗaya, fuska ɗaya. Sai dai a farkon shekarun 1990 an ɗauko injin lita biyar mai fulogi takwas na motar wasanni 500SL aka cusa mata, ya ba ta dawaki 326. Da aka faɗaɗa mata kafaɗun taya sai ta ƙi wucewa ta layin haɗa motoci na kamfanin, dole aka kai aikin wurin Porsche, maƙwabtansu a birnin Stuttgart, waɗanda a lokacin kasuwa ta yi musu tsami suna neman aiki. Ana ɗaukar gangar jikin a kai can, a dawo da ita fenti, a sake mayarwa a ɗaura inji. Mota ɗaya kwana 18 take ci. Guda dubu goma da 'yan ɗaruruwa aka yi gaba ɗaya. Abin da ya sa nake son ta shi ne ba ta da fankama ko kaɗan. Ba fiffike, ba ratsi, ba ihu. In ta tsaya kusa da ta Alhajin unguwarku, sai mai ido ne zai gane bambanci. Kura ce da fatar akuya, amma kura mai kunya.

Ingila ma sun yi tasu a daidai wannan lokaci, ita kuma ba kunya a lamarinta. Kamfanin Lotus ya ɗauki Opel Omega, wadda can suke kira Vauxhall Carlton, motar ma'aikata da 'yan kasuwa, ya sa mata tabo biyu, ta koma dawaki 377, tana gudun sama da kilomita 280. Guda 950 aka yi daga 1990 zuwa 1992. Manyan kamfanonin Jamus sun yi yarjejeniya tsakaninsu suna taƙaita motocinsu a 250, su Lotus suka ce ba da su ba. Jaridu suka yi ca, manyan 'yan sanda suka nemi a hana sayar da ita, maganar har majalisa. A ƙarshen 1993 ɓarayi suka sace guda ɗaya, suka yi ta fasa shaguna da ita cikin dare suna kwasar sigari da barasa, 'yan sanda na hango ƙurarsu kawai. Yaran gurup ɗinmu wannan labari ya fi komai burge su. Har sitika suka yi.

To ni ga abin da ya hana ni barci. Kwana uku muna cewa "motar iyali, motar iyali", amma duk cikinmu ba wanda ya yi magana daga kujerar baya. Kowa a bayan sitiyari yake hango kansa. Kuma in ka bi tarihin motocin nan da kyau, kujerar bayan ce ke ta ƙanƙancewa. Ita kanta 500E da nake yabo mutum huɗu take ɗauka, an cinye wurin na tsakiya. M5 CS ma huɗu, kuma kujerun baya irin na tsere ne masu rungume mutum, ba inda za a ɗora jariri a cinya ko a cusa kular abinci. Jaguar suka yi Project 8 guda 300, suka ce in kana so a cire maka kujerun baya a sa ƙarafan kariya. Alfa Romeo na Italiya suka ƙure maleji a 2020 da Giulia GTAm: ƙofofi huɗu suna nan daram, amma in ka buɗe na baya ba kujera, sai wurin ajiye hular kwano da tukunyar kashe gobara. Ƙofa huɗu, mutum biyu. Haba jama'a. Wannan ƙofofin bayan na shiga ne, ko na nuna wa uwargida ne a ce "kin ga ai ta gida ce"?

Na san wannan dabara don ni ma na yi ta.

Shekarun baya, lokacin fetur na araha, na tara kuɗi na sayi Bi-but 'yar Kwatano mai fulogi shida. Ba 500E ba ce, ƙanwar ƙanwarta ce, amma a unguwarmu ba mai tsayawa gabanta. Uwargida ta so mu sayi wata ƙaramar Toyota mai shan mai kaɗan. Na ce mata ai wannan don ku na saya, dubi faɗin baya, dubi but, ƙarfen Jamus ne, ko hatsari aka yi ita ce mai tsare rai. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Amma ni na san ba shi ne dalilin ba. Ƙarar injin nake so in na taka totur.

Wata Sallah muka tashi daga Kano za mu Zariya gaishe da dangi. Uwargida a gaba, Hajiyata a baya da jikokinta biyu, ƙaramar tana barci a jikinta. Bayan mun wuce Kwanar Ɗangora hanya ta buɗe, ba kowa. Wani yaro a wata jar mota ya zo ya wuce ni yana waige. Shaiɗan ya ce ka ga raini. Na taka. Allura ta haura 140, ta haura 160, ta taɓa 170, motar kuwa ko girgiza, kamar tana kan darduma. Matsalar irin waɗannan motoci ke nan, ba sa gaya maka kana gudu. A tsohuwar Fijo 504 kana kai 120 komai zai fara rawa, ita da kanta za ta ja maka kunne. Wannan shiru take yi.

Can gaba sai ga shanu sun fara hawa kwalta, yaro na bin su da sanda. Na danne birki da duk ƙarfina. Na ji fedar tana bugun tafin ƙafata, taya na kuka, kular tuwo ta kife, yarinya ta farka da ihu. Muka tsaya. Tsakanina da saniyar farko bai fi tsawon mota biyu ba, har ina ganin ƙudan da ke idonta. Daga baya na zauna na yi lissafi: a gudun 170, mita 47 kake shafewa duk daƙiƙa ɗaya. Kafin ƙwaƙwalwa ta gaya wa ƙafa ta motsa, rabin filin ƙwallo ya wuce. Kuma in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata sau huɗu yake ninkuwa. Lambar da ba a taɓa turowa a gurup ke nan.

Uwargida ba ta ce uffan ba, hannunta kawai ke rawa a kan cinyarta. Hajiya ce ta yi magana, a hankali, carbinta na hannu. Ta ce, "Ɗan nan, in kai kana da wani ran a ajiye a gida, mu namu guda ɗaya ne. Buɗe mana mu sauka, ma samu ta haya."

Ina da 'ya'ya biyu a lokacin, amma sai da na durƙusa a bakin titi ina ba ta haƙuri, motoci na wucewa ana kallona. Da ƙyar ta yarda ta koma ciki. Har muka shiga Zariya ban wuce 80 ba, kuma ba wanda ya ce da ni kanzil.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce a daina ƙera motocin nan ba, kuma ban daina son su ba. Injiniyan da ya sa salun mai nauyin tan biyu ta sha kwana kamar kyanwa ya cancanci jinjina. A inda aka yi su ma suna da gurbi: manyan hanyoyin Jamus da yawansu ba iyakar gudu, ko da yake hukuma na ba da shawarar 130, kuma ba saniya a kai, ba rami, ba tirelar da ta mutu a tsakar hanya aka sa mata ganye. Mu nan doka ta ce ƙaramar mota kada ta wuce 100 a babbar hanya. Injin M5 fetur mai lamba 98 yake so, mu kuwa wani lokaci a galan muke saye wurin 'yan bumburutu. Abin da na ƙi shi ne sunan da ake laƙaba musu. Motar maigida ce shi kaɗai, wadda aka yi wa ƙofofi huɗu don a samu zaman lafiya a gida. In kuma ƙididdigaggiya ce, ko maigidan ma ba ya hawa, mayafi ne ke morarta.

Jiya da daddare na kasa haƙuri na rubuta a gurup: a cikinku wa ya taɓa zama a kujerar baya wani na gudun 170 da shi, ba shi da birki ba shi da sitiyari? Mutum talatin da wani abu suka karanta. Yaran suka yi tsit. Dillali ya turo hoton dariya. Can wajen sha ɗaya dattijon ya aiko da saƙon murya na daƙiƙa tara. Ya ce shi ya taɓa, sau ɗaya, wani mai mota ya ɗauke shi gwaji bayan gyara, kuma tun ranar in zai gwada motar kowa shi ke karɓar makulli.

Bi-but ɗina na sayar da ita watanni kaɗan bayan cire tallafin mai a 2023, cika tankinta ya koma kamar biyan kuɗin makaranta. Yanzu Toyotar da uwargida ta ce mu saya tun farko nake ja, kuma ba ta taɓa ce min "ai na gaya maka" ba, wanda ya fi faɗin ciwo. Hoton 500E baƙa dai har yanzu shi ne a fuskar wayata. Rannan yarinyar da ta farka da ihu a hanyar Zariya, yanzu tana sakandare, ta ɗauki wayar ta ƙura masa ido ta ce, "Abba, wannan ba irin tsohuwar motarmu ba ce da Hajiya ta ƙi hawa?"

Na ce ita ce, amma wannan ta fi waccan gudu.

Ta ce, "To Allah Ya sa kar ka samu kuɗinta."