Tocila Ba Ta Gargaɗi

'Yan'uwa marubuta, duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos, ya wuce Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore, ya shiga ƙasar Doguwa. A can Riruwai take, garin kuza. Tun zamanin Turawa ake haƙa a wurin, daga baya har aka nutsa ƙarƙashin dutse. Da farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya a 1985, harkar manyan kamfanoni ta durƙushe. Ramukan kuwa ba su je ko'ina ba, kuma yau matasa ne ke komawa irinsu da diga da igiya da tocila a goshi.

In muka tashi rubuta haɗarin rami, ruftawa kawai muke gani, kamar ta Galadima Kogo a Shiroro, jihar Neja, a watan Yunin 2024. Ruftawa tana da ƙara, tana da hoto. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai iska ce.

Wani dattijo da muka haɗa mota da shi, wanda ya ci ƙuruciyarsa a haƙar kuza, ya ce mini: "Ɗana, mu da wuta muke shiga. In harshenta ya fara lanƙwashewa yana neman mutuwa, ba ka jiran kowa, sai ka juya." Na daɗe ina juya maganar. A ramin da aka rufe shekaru, ruɓaɓɓen katako da tsatsar ƙarfe suna cinye iskar shaƙa sannu a hankali. Fitila mai harshe tana nunawa. Tocila mai batir kuwa haskenta take bayarwa tangaran, har mai ita ya faɗi. Sai na biyu ya sauka ɗauko shi, shi ma ya faɗi. Haka gida ɗaya ke yin jana'iza biyu.

Ko fitilar ma ba komai take kamawa ba. In aka sauke injin jan ruwa cikin rami, gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da launi, ba ta da wari, wuta kuma za ta ci gaba da ci. Ciwon kai ne, sai jiri, sai barci. Ga damina: ruwa ya cika tsohuwar hanyar da babu mai taswirarta, sara ɗaya ya isa ya ɓalle ta a kan mutane.

Ba na cikin masu zagin waɗannan matasa. Wanda ke da buhun masara a ɗaka ba ya ɗaura igiya a ƙugu. Takaicina dai, dattawan da suka san inda kowace hanya ta bi a cikin dutsen suna ƙarewa, mu kuma muna nan muna rubuta attajiran Abuja da ba mu taɓa gani ba. Dattijon nan a Tudun Wada ya sauka, da ƙullin magani a hannu, yana tari.