Ƙurar hunturu da fentin motar da ake fita da ita kullum

'Yan uwa masu motoci, musamman mu da ke zirga-zirga tsakanin Wudil da Kano kullum.

Iska ta fara juyawa. Daga ƙarshen Nuwamba har cikin Fabrairu hazo zai riƙa rufe gari, wata safiyar ma wanda ke kan gadar Wudil da ƙyar zai hango masu ɗibar yashi a kogi. Kowa ya fara tanadin rigar sanyi da man shafawa da bargon yara. Motar da ke kai mu aiki, ta kai yara makaranta, ita ce ba a yi wa tanadin komai. Sai bazara ta shigo a ga rufinta da bonet sun yi fari, fenti ya fara ɓarewa, a ce ai rana ce. Rana tana da nata laifin, amma ɓarnar da ta tarar tun cikin hunturu aka fara ta, kuma yawanci da hannunmu.

A Kanada da arewacin Amurka da Turai, abin da mai mota ke tsoro lokacin sanyi shi ne gishirin da ake watsa wa titi don narkar da ƙanƙara. Shi ya sa wasu motocin Beljiyam ke iso mana jikinsu na sheƙi amma ƙasansu ya ci tsatsa. Mu ba mu da ƙanƙara, ƙura muke da ita. Kaso mai yawa na hazon nan daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, inda wani babban tafki ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce. Iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙurar, wata ma har ta tsallake tekun Atlantika ta sauka a dajin Amazon. A ido gari ce mai laushi, amma akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, wanda ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Ga kuma tamu ta gida: tifofin yashi da ke fitowa daga bakin kogi, da tirelolin shanu da ke cika hanya ranar Juma'a saboda kasuwar Kara.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, sai mai launi, sai na sama mai kamar ruwa wanda ke ba da sheƙi, yake kuma tare zafin rana. Kaurin na saman nan bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kuma abin da ya tafi daga gare shi ba ya dawowa.

Ƙurar da ta kwanta a kan mota ba ta cika yin illa ba muddin an bar ta a kwance. Illar tana farawa ne da safe, lokacin da maigida ya ce wa yaro, "Kai, ɗauko tsumma ka goge motar nan." Busasshen tsumma a kan busasshiyar ƙura samfefa ne, kuma kullum ake maimaitawa har wata uku. Mai baƙar mota ya duba bonet ɗinsa da tsakar rana, zai ga siraran zane suna kewaya hasken. Aikin tsumman ne.

Me ke sa mu hakan? Kunya. Ba ma son a gan mu a ofis ko wajen ɗaurin aure da mota ta yi buɗu-buɗu, kada a ce ba mu da tsafta. Amma a watan Janairu motar wa ce ba ta yi ƙura ba tsakanin Wudil da Mariri? Wadda aka goge da asuba, kafin ta kai Garin Dau ta koma yadda take. An ci fenti, ba a samu tsaftar ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: idan babu ruwa, a wanke gilashi da fitilu da lamba, a bar sauran jikin sai ranar wanki.

Ga abin da ya kamata a yi tun kafin hazo ya sauka.

A yi mata wanki na sosai a inuwa, jikinta a sanyaye. A fara kwarara ruwa ya tafi da ƙurar kafin soso ya taɓa ta. Bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soson. A faro daga rufi a gangaro, tayoyi kuma da nasu soson daban. Garin sabulun wankin kaya yana da kaifi, yana cire duk wata kariya da ke kan fenti. Sabulun mota na ruwa ya fi. In an gama a tsane ta da tawul mai laushi, don ruwan burtsatse idan ya bushe da kansa yakan bar tabo.

A duba goshin mota da gefen ƙofofi. Duk inda tsakuwa ta ɓantare fenti har ƙarfe ya fito, a kai wa mai fenti ya ɗiga masa. Aikin mintuna ne yanzu; in aka bar shi har damina, sai an haɗa da fanal bita.

Sannan a shafa mata kakin mota, a bari ya ɗan bushe, a goge. A lura, folish mai cire zane daban yake da kaki: shi kankare saman fentin yake yi kaɗan-kaɗan, don haka ba abin yi ba ne kowane wata. Kaki kuwa rufi ne, yana sa ƙura ta bi ruwa ta sauka ba sai an dirza ba. Idan aka watsa ruwa ya dunƙule ɗigo-ɗigo, kakin yana nan. Idan ya shimfiɗe, lokacin sabuntawa ya yi, yawanci bayan wata 2 zuwa 3.

Kada a lulluɓa tamfol a kan mota mai ƙura, iskar dare za ta yi ta kaɗa shi yana gurzar fentin. Inuwar darbejiya tana da daɗi, amma kashin tsuntsu da na jemage suna cin fenti. A jiƙa su da ruwa a cire ranar da aka gani. Kada kuma a kunna waifa a busasshen gilashi.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan tsohuwar Golf ko Sharon? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, canza mota ya fi ƙarfin yawancinmu. Wadda ke hannunka ita ce jarinka. Ranar da za ka sayar, abin da dillali zai fara tambaya shi ne, "Fes bodi ce ko an taɓa fesa ta?" Fentin kamfani sau ɗaya ake samunsa, kuma komai gwanintar mai fenti, kuɗin motar da aka fesa ba ya kai na wadda ba a taɓa ba.

Ku kuma masu wankin mota, dukiyar mutane amana ce a hannunku. Soson da ya faɗi ƙasa a ɗauraye shi kafin a mayar kan mota. Mu masu kawowa mu daina ƙyashin ɗan ƙarin kuɗin ruwa, mu daina tsayawa a kansu muna cewa a yi sauri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya faɗa wa yaran gida da direbansa: bana ba a goge mota da busasshen tsumma. Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa mu ga bayan hunturun nan lafiya.