Zuciyar Mai Jego



'Yan uwa, a duk lokacin da aka ambaci ciwon zuciya, hankalinmu yakan tafi ga dattijo mai ƙiba da hawan jini. Ban cika jin an ambaci yarinya 'yar shekara ashirin da ke cikin jego ba, alhali a ƙasarmu tana cikin waɗanda abin ya fi ci.

Akwai wani rauni da ke kama tsokar zuciyar mace a ƙarshen ciki, ko cikin watannin farko bayan ta sauka. Zuciyar sai ta saki, ta kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa ya riƙa taruwa a huhu da ƙafafu. A Amurka sai an yi haihuwa dubu ko fiye kafin a samu mace ɗaya da shi. A Zariya kuwa, tun shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka bayyana yadda cutar ta yawaita, kuma suka ɗora zargi a kan al'adunmu na jego: wankan ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa. Hujjarsu tana da kama hankali, domin kanwa gishiri ce, gishiri kuwa yana riƙe ruwa a jiki, ga zafi yana ƙara wa zuciya aiki.

Sai dai magana ba ta tsaya nan ba. A 2020 wani bincike da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitoci da dama na Nijeriya ya samu cutar a haihuwa ɗaya cikin 96 a arewa maso yamma, amma bai samu alaƙa tsakaninta da wanka ko kunun kanwa ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, da rashin karatu, da rashin abin yi, da hawan jinin masu ciki. An kuma lura, a Yamai da Kano, da ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin masu cutar. Ni dai wannan ya fi tsaya mini a rai. Yana da sauƙi mu zargi kakanninmu da tukunyarsu ta wanka, fiye da mu tambayi kanmu me matar nan ta ci tsawon wata tara.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda cutar ke fakewa a bayan jego. Ƙafa ta kumbura, a ce ai haihuwa ce. Ta yi haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, a ce jiki bai gama komawa ba, a ƙara wa ruwan wanka zafi. Da dare ba ta iya kwanciya sai ta tara matasai, tana tari, ta farka tana neman iska. A ce sanyi ne ya shige ta. Ita kuma ga kunya, musamman a haihuwar fari, ba za ta buɗe baki ba. Maigida yakan je gidan surukai ya ɗauki jariri, ya yaba ƙibarsa, ya tashi bai dubi yadda uwar ke numfashi ba.

Waɗannan alamu na asibiti ne, a ranar, ba sai an yi arba'in ba. Ana gane cutar da hoton zuciya, akwai kuma magunguna, mata da yawa zuciyarsu takan farfaɗo. Wadda aka tabbatar tana da ita, a nan ne za a janye mata kanwa da yawan gishiri. Idan kuma zuciyar ba ta gama komawa daidai ba, wani cikin yana iya tafiya da ranta, don haka maganar tazarar haihuwa da likita za a yi ta, kuma maigida ya kasance yana zaune a wurin.